Fansar Kwantaragi a Ƙwallon Kwando: Wa Ya Kamata Ya Ɗauki Nauyi?

Sanin kowa ne cewa alkawari kaya ne, kuma duk wanda ya sa hannu a takarda ya ɗaure kansa da abin da ke cikinta. A kan wannan ne aka gina hulɗar da ke tsakanin ɗan wasa da ƙungiyar da yake yi wa wasa. Ƙungiya takan yi alkawarin biyan albashi na wasu shekaru, shi kuma ɗan wasa ya yi alkawarin ba zai buga wa kowa ba sai ita har wa'adin ya cika. Wannan takarda ita ake kira kwantaragi. Sai dai sau da yawa zama yakan ƙi daɗi tun wa'adi bai cika ba, ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya nemi rabuwa. Idan haka ta faru, akan yanka wani kuɗi da za a biya domin a kwance igiyar da ke tsakani. Wannan kuɗi shi ne za a kira kuɗin fansar kwantaragi a cikin wannan bayani. Masu bin ƙwallon ƙafa ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin da irinsa ne Neymar ya bar Barcelona zuwa Paris Saint-Germain a 2017, bayan an ajiye yuro miliyan 222. A ƙwallon kwando kuɗin ba ya kaiwa haka, amma rigimar da yake haddasawa ta fi zafi, saboda wani dalili da za a gani nan gaba.

Fansa iri biyu ce a wannan wasa, kuma kuskure ne a haɗa su a yi masu hukunci ɗaya. Ta farko ita ce wadda ɗan wasa ke biyan ƙungiyarsa domin ta sake shi ya tafi wata, galibi daga Turai zuwa gasar NBA ta Amurka. Ta biyu kuwa a cikin NBA ɗin ake yin ta, inda ƙungiya ke gajiya da ɗan wasa mai tsadar albashi, sai a zauna a daidaita, ya yafe wani ɓangare na kuɗin da yake bi, a biya shi sauran, ya kama gabansa. Jaridu sun fi yayata ta biyu saboda sunayen da ke cikinta manya ne kuma kuɗin masu yawa ne. Amma idan aka yi nazari da kyau za a ga cewa cutar da ta fi muni tana cikin ta farko, inda ake ɗora wa matashi bashin da ba shi ya kamata ya ɗauka ba, alhali wanda zai ci moriyarsa yana gefe ya naɗe hannu.

Rikicin Rubio da Joventut

Babu misalin da ya fito da wannan al'amari fili kamar na Ricky Rubio, ɗan ƙasar Sifaniya. An haife shi a watan Oktoba na 1990, kuma ya taso a ƙungiyar Joventut ta garin Badalona, kusa da birnin Barcelona. Yana da shekara 14 ya fara buga babbar gasar ƙasar a 2005. Yana da shekara 17 ya buga wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Beijing a 2008, inda Sifaniya ta kara da Amurka ta zo ta biyu. A watan Yuni na 2009 ƙungiyar Minnesota Timberwolves ta ɗauke shi a matsayi na 5 a zaɓen sababbin 'yan wasa da NBA ke yi kowace shekara.

A nan ne gizo ya yi saƙa. Rubio yana da kwantaragi da Joventut har zuwa 2011, wanda aka ƙulla tun bai kai shekara 18 ba. A cikinsa an rubuta cewa idan zai tafi kafin wa'adi sai an biya yuro miliyan 4.75, kuɗin da daga baya ya hau zuwa miliyan 5.75, wato kimanin dala miliyan 8 a canjin wancan lokaci. Albashinsa na shekara kuwa, ko da an ɗauki adadi mafi yawa da jaridu suka kawo, bai kai kashi 5 cikin 100 na wannan kuɗi ba. Ma'ana, da zai tara albashinsa ba ci ba sha, sai ya shafe fiye da shekara 20 kafin ya fanshi kansa. Mai karatu zai iya tambaya: to, me ya hana Minnesota ta biya, tun da ita ke son sa? Amsar ita ce dokar NBA ta wancan lokaci ta hana kowace ƙungiya ba da fiye da dala 500,000 a kan fansar ɗan wasa daga waje. Duk abin da ya haura haka daga aljihun ɗan wasan zai fito. Haka kuma albashin sabon shiga a NBA ƙayyadadde ne gwargwadon matsayin da aka zaɓe shi, kuma na matsayi na 5 a shekarar bai wuce dala miliyan 3 da 'yan kai ba kafin a cire haraji. Ke nan da Rubio ya tafi a kan wannan sharaɗi, da shekarunsa biyu na farko, ko fiye, sun tafi a biyan bashi.

Lauyoyinsa suka shigar da ƙara, suna neman a rage kuɗin, a bisa hujjar cewa bai dace da albashin da ake biyan sa ba. Suna da madogara a doka. A Sifaniya akwai wata doka ta 1985, mai lamba 1006, wadda ta ba ɗan wasa 'yancin ajiye aiki a duk lokacin da ya ga dama, muddin zai biya diyya, ko dai wadda aka rubuta a kwantaragi ko wadda kotun ma'aikata za ta yanka. An yi dokar ne domin kada ƙungiya ta riƙe mutum tilas. Amma ƙungiyoyi suka gano cewa idan aka rubuta adadin da ba mai iya biya, ƙofar da doka ta buɗe ta koma rufe. Shugaban Joventut na lokacin, Jordi Villacampa, wanda shi kansa tsohon ɗan wasan ƙungiyar ne, ya tsaya a kan cewa abin da aka sa wa hannu shi za a bi. Shugaban harkar wasa na Minnesota, David Kahn, ya yi ta zirga-zirga zuwa Sifaniya a bazarar shekarar. Ba a kai ga yanke hukunci a kotu ba. A ƙarshen watan Agusta da farkon Satumba aka rufe magana: Barcelona ta biya Joventut yuro miliyan 3.7, ta ɗauki Rubio da kwantaragin shekara 6, tare da sharaɗin zai iya tafiya NBA a 2011 a kan kuɗi mai sauƙi.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Kahn ya bayyana cewa sun riga sun cimma matsaya da Joventut, Rubio ne da kansa ya zaɓi ya ƙara zama a gida. Zaman kuma bai zame masa asara ba, domin ya ci kofin zakarun Turai da Barcelona a 2010 kafin ya isa Minnesota a 2011. Hasali ma zumunci bai yanke ba, tun da a 2025, bayan ya gama yawonsa a Amurka, Joventut ɗin ya koma. Amma kyakkyawan ƙarshe ba ya wanke mummunan tsari. Yaro mai shekara 18 ya yi wata uku ana cinikinsa a shafukan jaridu, magoya bayan ƙungiyar da ta raine shi suna kallon sa a matsayin butulu, kuma zaɓin da aka ce ya yi, ya yi shi ne bashi na rataye a wuyansa. Ba kowane matashi ne kuma ke da wata Barcelona a maƙwabta da za ta zo ta ɗauke masa kaya ba.

Ba shi kaɗai ba ne. San Antonio Spurs ta zaɓi Luis Scola ɗan Ajantina a 2002, amma kwantaraginsa da Tau Cerámica ya riƙe shi har 2007, kuma a lokacin Houston ya tafi. Juan Carlos Navarro, wanda shi ma aka zaɓa a 2002, sai a 2007 Barcelona ta sassauta masa ya tafi Memphis, ya yi kaka ɗaya ya dawo. Nikola Mirotić dabara ya yi. An zaɓe shi a 2011, ya yi zamansa a Real Madrid shekara 3, domin doka ta ce wanda ya jira haka ya fita daga ƙangin albashin sabon shiga. A 2014 ya tafi Chicago da albashin da zai ishe shi biyan yuro miliyan 2.5 da ake bin sa. Facundo Campazzo ya bar Real Madrid zuwa Denver a 2020 da bashin yuro miliyan 6 a kansa, wanda aka yarda ya biya kashi-kashi, alhali albashin shekara biyu da Denver ta ba shi bai kai haka ba. Sai dai shi Campazzo babban mutum ne, yana karɓar albashi mai tsoka, kuma da idonsa buɗe ya sabunta kwantaraginsa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tausayin da za a ji wa Rubio ba shi za a ji wa Campazzo ba.

Hujjar masu raino

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa Joventut laifi duka, amma yin haka rashin adalci ne. An kafa ƙungiyar a 1930, ta ci kofin Turai a 1994, kuma an san ta da rainon yara fiye da sayen manya. Daga hannunta Raül López da Rudy Fernández suka fito. Rainon ɗan wasa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Ana ɗaukar yara da yawa tun suna ƙanana, a biya masu horar da su da likitoci, a ɗauki nauyin tafiye-tafiye da kayan wasa, wasu har da makaranta da masauki, shekara da shekaru. A cikinsu ƙalilan ne ke zama ƙwararru, wanda zai kai matsayin Rubio kuwa sai a daɗe ba a samu ba. Kuɗin da za a samu a kan wannan guda shi ne zai biya ɗawainiyar sauran da ba su kai ko'ina ba. Ƙungiyar da ba ta da attajiri a bayanta ba ta da wata kadara da ta wuce yaranta. Ita Joventut, duk da kuɗin Rubio, ta shiga hannun kotu saboda bashi a 2010, kuma a 2018 saura ƙiris ta rushe.

Saboda haka ƙungiya tana da haƙƙi, kuma duk wanda ya ce a saki ɗan wasa kyauta bai san yadda ake samar da shi ba. Inda aka kauce hanya wuri biyu ne. Na farko, adadin da ake rubutawa ba a auna shi da abin da aka kashe wa yaro ko abin da ake biyan sa. Idan ƙungiya ta ce yaronta ya kai yuro miliyan 5, to albashin da take ba shi ya nuna haka. Ba ya yiwuwa a kimanta mutum da tsada ranar tafiya, a kimanta shi da araha ranar biyan albashi. Na biyu, wanda aka ɗaure da sharaɗin bai isa ƙin yarda ba a lokacin da aka ƙulla shi. Iyaye ne ke sa hannu, cikin murna da ɗoki, kuma da wuya uba ya tsaya jayayya da ƙungiyar da ke shirin sa ɗansa a babban fili. Kotun Ƙolin Sifaniya ta taɓo wannan a 2013 a shari'ar wani ɗan ƙwallon ƙafa, Raúl Baena. Iyayensa sun sa hannu da Barcelona yana da shekara 13, da tarar yuro miliyan 3 idan ya saɓa. Kotun ta soke wannan sharaɗi, ta ce ikon iyaye bai kai ga jinginar da makomar aikin ɗansu ba.

Mai cin riba yana gefe

A duk lokacin da irin wannan rigima ta tashi, hankali yakan koma kan mutum biyu, ɗan wasa da ƙungiyarsa ta asali, ana muhawarar wane ne mai kwaɗayi. Ba kasafai ake waiwayar na uku ba. NBA ita ce gasar ƙwallon kwando mafi arziki a duniya. A 2024 ta sayar da izinin nuna wasanninta na shekara 11 a kan kimanin dala biliyan 76. A farkon kakar 2023 tana da 'yan wasa 125 da aka haifa a wajen Amurka. Daga 2019 zuwa 2025 duk wanda ya ci kyautar gwarzon shekara a gasar ba haifaffen Amurka ba ne: Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, da Nikola Jokić na Sabiya, da Joel Embiid haifaffen Kamaru, da Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. Biyun farko ƙungiyoyin Turai ne suka raine su. Amma abin da dokar gasar ta yarda a ba ƙungiyar da ta yi rainon, ba tare da an taɓa albashin ɗan wasa ba, dala 500,000 ne a 2009, kuma da ƙarin dala 25,000 da aka riƙa yi kowace shekara daga 2011, har 2025 bai kai miliyan ɗaya ba. A tsakanin shekarun nan iyakar albashin da aka yanka wa kowace ƙungiya ta tashi daga kimanin dala miliyan 58 zuwa fiye da miliyan 150. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare dokar suna da abin faɗa. Suna cewa idan aka cire iyaka, ƙungiyoyi masu kuɗi na manyan birane za su riƙa kwashe ƙwararrun waje, kuma kuɗin fansa zai zama ɓarauniyar hanyar ƙetare iyakar albashi. Suna kuma cewa ƙungiyoyin Turai za su ninka abin da suke rubutawa da zarar sun san akwai mai biya. Hujja ta farko ba ta da ƙarfi sosai, domin matashi ba ya zaɓar inda zai je, zaɓen shekara ne ke raba su, kuma ƙungiyoyin da suka fi rauni su ke fara ɗauka. Ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, amma maganinta shi ne a yi ma'auni da kowa ya sani. Abin da ake yi yanzu shi ne an tsare aljihun masu ƙungiyoyin NBA, an bar yaro da wanda ya raine shi su yi ta kokawa a kan ɗan abin da ya rage.

Akwai inda za a yi koyi. Tun 2001 hukumar FIFA ta tanadi diyyar horarwa, da kuma kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda ake raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A Amurkar ma, gasar besbol tana da yarjejeniya da Japan wadda a cikinta ƙungiyar da ta ɗauki ɗan wasa ita ke biyan tsohuwar ƙungiyarsa wani kaso na darajar sabon kwantaraginsa. Da Los Angeles Dodgers ta ɗauki Yoshinobu Yamamoto a 2023 a kan dala miliyan 325, ta biya ƙungiyarsa ta Japan kimanin miliyan 50, ba a cire ko sisi daga albashinsa ba. NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, sun daɗe da yarjejeniyar girmama kwantaragin juna, ta yadda ɗan wasa ba ya ƙetarawa sai da takardar sallama. Wato an yarda a tsare ƙofa tare, amma ba a yarda a raba kuɗin buɗe ta ba.

Waɗanda ake biya su tafi

Fansa ta biyu labarinta daban ne. Yawancin kwantaragin NBA tabbatacce ne, ko ɗan wasa ya buga ko bai buga ba sai an biya shi. Idan ya tsufa, ko rauni ya rage masa ƙarfi, ko ƙungiya ta yanke shawarar komawa kan matasa, sai albashinsa ya zame mata alaƙaƙai. Shi kuma yana son ya je inda zai yi wasa, kuma dole a sake shi kafin ranar 1 ga Maris ta wuce idan yana son buga zagayen neman kofi da sabuwar ƙungiya. Kowa yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ke so, sai a shiga jan-in-ja.

Stephon Marbury ya shiga kakar 2008 da albashin fiye da dala miliyan 20 a New York Knicks. Sabon mai horarwa, Mike D'Antoni, ya ajiye shi a benci. Daga baya ƙungiyar ta zarge shi da ƙin shiga wasa da aka neme shi, ta ci shi tara, shi kuma ya musanta. A farkon Disamba aka ce kada ya ƙara zuwa wurin atisaye. Sai a ƙarshen Fabrairu na 2009 aka daidaita, ya tafi Boston, bai buga wa Knicks ko wasa ɗaya na gasar kakar ba. Luol Deng, wanda daga baya ya zama shugaban hukumar ƙwallon kwando ta Sudan ta Kudu, ya sa hannu da Los Angeles Lakers a 2016 a kan dala miliyan 72 na shekara 4. A kakarsa ta biyu wasa ɗaya tak aka sa shi, aka ajiye shi har ƙarshe. A Satumba na 2018 ya yafe kimanin miliyan 7 aka sake shi, kuma ƙungiyar ta ci gaba da ɗaukar nauyin ragowar kuɗinsa har 2022. John Wall ya zauna kakar 2021 zuwa 2022 baki ɗaya a Houston yana karɓar fiye da dala miliyan 44, kafin ya yafe kimanin miliyan 6.5 ya tafi. Blake Griffin ya bar wa Detroit miliyan 13.3 a 2021.

Waɗannan mutane ba abin tausayi ba ne ta fuskar kuɗi. Suna da wakilai da lauyoyi da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, kuma abin da suke yafewa da yawa sukan mayar da wani ɓangarensa a sabuwar ƙungiya. Cinikin manya ne, kowa ya san abin da yake yi. Duk da haka akwai ƙa'ida ɗaya da bai kamata a bari ta ɓace ba. Ƙungiya ce ta kawo tayin kuɗin da bakinta, ba wanda ya tilasta mata. Idan lissafinta ya ɓaci, ba daidai ba ne ta ajiye lafiyayyen ɗan wasa domin zama ya gundure shi ya sallama haƙƙinsa. Shekarun wasa kaɗan ne, kakar da ta wuce kuma ba ta dawowa. Bahaushe ya san makamancin wannan a sha'anin kul'i, inda malaman Malikiyya suka ce idan ya tabbata miji ya ƙuntata wa matarsa ne domin ta gaji ta fanshi kanta, to rabuwa ta tabbata, kuma a mayar mata da abin da ta bayar. Haka nan ɗan wasan da ke karɓar albashi ya ƙi aiki domin a gaji a sake shi ya koma wurin masu neman kofi, shi ma ya ci amanar 'yan kallon da suka sayi tikiti. Lokacin da Memphis ta ƙi fansar Andre Iguodala a 2019, aka yarda ya zauna a gida har aka yi musayarsa zuwa Miami a Fabrairu na 2020, matasan ƙungiyar sun fito fili sun nuna ɓacin ransu, kuma ba a ga laifinsu ba.

Abin lura shi ne, da NBA ta ga wannan fansa tana cutar da daidaiton gasarta, ba ta yi nawa ba. A yarjejeniyar 2023 an hana ƙungiyoyin da kashe kuɗinsu ya haura wani mataki ɗaukar ɗan wasa mai babban albashi da aka saki a tsakiyar kaka. Ashe gyara ba ya gagara idan masu gida ne abin ya shafa.

Gyaran da ake jira

Abin da ake buƙata a fansa ta farko ba shi da wuyar fahimta. Ƙungiyar da ta ɗauki ɗan wasa ita ya kamata ta biya wadda ta raine shi, a kan ma'aunin da aka sani tun farko, gwargwadon matsayin da aka zaɓe shi da yawan shekarun da aka yi ana rainonsa. Idan ana tsoron masu kuɗi su fi ƙarfin marasa shi, gasar tana iya biya daga asusunta na tarayya. Sannan duk sharaɗin da aka ƙulla da yaro ƙasa da shekara 18 a sake duba shi idan ya kai, shi da kansa ya yarda ko ya ƙi, kuma a haɗa adadin fansa da albashi ta yadda ɗaya ba zai hau ya bar ɗaya a ƙasa ba. FIBA tana da kotun sasanci mai zama a Geneva wadda ta saba raba gardamar albashi tsakanin 'yan wasa da ƙungiyoyi, don haka ba a rasa wurin kai ƙara ba.

Jinkiri kuwa yana ƙara dagula lamarin, domin wani sabon mai ɗiba ya shigo kasuwa. Tun 2021 aka yarda ɗaliban jami'o'in Amurka su riƙa samun kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma cikin 'yan shekaru abin da wasu jami'o'i ke iya samar wa matashi ya wuce abin da ƙungiyar Turai za ta ba shi. A 2024 Egor Demin ya bar Real Madrid zuwa jami'ar Brigham Young, Kasparas Jakučionis kuma ya bar Barcelona zuwa jami'ar Illinois, kuma bayan shekara ɗaya NBA ta zaɓe su duka biyu a zagayen farko. Real Madrid da Barcelona suna da ƙwallon ƙafa a bayansu, za su iya jure irin wannan asara. Ƙungiya irin Joventut kuwa abu biyu ya rage mata: ko ta rage abin da take kashewa a kan yara, ko ta kira iyayen ɗan shekara 14 ta ajiye masu takarda mai adadin da ya fi na Rubio.